Kafin Mu Zargi Mata

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya ƴan'uwa Musulmi na Falanko da Damargu, a watan Oktoba na 2013 an tsinci gawawwakin mutum 92 a hamada, arewa da Arlit, kan hanyar Aljeriya. Ƙishirwa ce ta kashe su, akasarinsu mata da yara daga ƙasar Kance. A majalisunmu mukan ce kwaɗayin mata ne. To, wa shari'a ta ɗora wa ciyarwa da tufatarwa? Miji ne. Wanda ya tafi cin rani ya bar rumbu wayam, kuma bai aiko ba, shi ya buɗe wa iyalinsa ƙofar bara. Talauci uzuri ne, sakaci kuwa zunubi ne, kuma ranar hisabi kowa da littafinsa.

Allah Ya sa mu dace, amin.