E ko A'a: Wa Ya Zaɓi Tambayar Farko?

Tambayoyi 33 sun isa a zaƙulo mutum ɗaya daga cikin dukan al'ummar duniya, muddin amsar kowace tambaya e ce ko a'a, kuma kowacce tana raba waɗanda suka rage gida biyu daidai wa daida. A fara da ɗaya a riƙa ruɓanya shi har sau 33, za a zarce biliyan takwas da rabi.

A kan wannan lissafi aka gina abin da masana kwamfuta ke kira bishiya mai rassa biyu. A kife suke zana ta, saiwa a sama, ganye a ƙasa. Kowace gaɓa tana riƙe da lamba guda, ƙananan lambobi su bi hagunta, manya su bi dama. Mai neman 37, idan ya tarar da 50 a saiwa, ya yi sallama da duk abin da ke dama ke nan. Ɗalibi kan koyi wannan cikin zama ɗaya, amma a ƙarƙashinsa akwai tambayar da ta daɗe tana wahalar da malamai: rabon nan a cikin halitta yake, ko kuwa a cikin kan mai rabawa?

Aflatun ya ɗauki raba abu biyu-biyu hanyar kai wa ga hakikarsa. An ruwaito cewa da aka bayyana mutum a makarantarsa da cewa dabba ce mai ƙafa biyu marar gashin tsuntsu, sai Diyojinis ya fige zakara ya kawo musu, ya ce ga mutumin nasu. Aristotal ma, ɗalibin Aflatun, ya soki hanyar, domin takan warwatsa dabbobin da suke dangi ɗaya zuwa rassa daban-daban.

Duk da haka dabarar ba ta mutu ba. A ƙarni na 3, Furfuriyus mutumin Sur ya rubuta gabatarwa ga ilimin manɗiƙi, inda aka jera halitta hawa-hawa: mai jiki ko marar jiki, mai rai ko marar rai, mai ji ko marar ji, mai hankali ko marar hankali, har a iso ga ɗan Adam. Na baya suka zana jerin kamar bishiya. Larabawa suka fassara littafin da sunan Isaguji, ilimin ya yi ta tafiya har ya iso zaurukan ƙasar Hausa, inda ake karanta Sullam na Ahlari, malamin Aljeriya na ƙarni na 16. Ba kowa ya yi maraba da ilimin ba. Shehu Magili, baƙon Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, ya yi musayar baitoci da Suyuɗi na Masar a kan manɗiƙi, Magili na kare shi, Suyuɗi na haramta shi.

Kwamfuta ta ba da nata bayanin ba tare da ta shiga muhawarar ba. Lambobi uku kacal ana iya jera su a bishiyoyi 5 daban-daban, huɗu a 14, goma a 16,796, kuma kowacce daidai take. Abin da ya bambanta su shi ne lambar da aka ɗora a saiwa da waɗanda suka biyo ta. In aka shigar da lambobi miliyan a jere daga ƙarami zuwa babba, bishiyar sai ta miƙe ɓari guda, neman da zai ƙare cikin matakai 20 ya kai miliyan. Shi ya sa a 1962 masana biyu na Tarayyar Sobiyet, Adelson-Velsky da Landis, suka fito da hanyar juya gaɓoɓi duk lokacin da ɓangare ɗaya ya rinjayi ɗaya. Lambobin suna nan yadda suke, tsarin tambaya ne kawai ya sauya. Jerin ƙarami da babba na lambobin ne, siffar bishiyar kuwa aikin mai gini ce.

Malaman usulul fiƙihu sun daɗe da sanin cewa tambaya mai amsa biyu ba ta tilasta a ƙare da gida biyu. Shari'a ta nemi wani abu ne, ko ta ba da zaɓi? In zaɓi ne, mubahi ke nan. In nema ne, a aikata ne ko a bari? Kowanne kuma, da tilas ko ba tilas? Da tambayoyi uku aka samu hukunce-hukunce biyar: wajibi, mustahabbi, mubahi, makaruhi da haram.

Matsala takan taso ne idan an tsaya a tambayar farko. A Basra, zamanin Hasanul Basri, aka yi ta jayayya kan mai babban zunubi. Hawarijawa suka ce kafiri ne, Murji'a suka ce imaninsa bai taɓu ba. Wasilu bin Aɗa, wanda ya rasu a 748, ya ƙirƙiro masa matsayi na uku tsakanin biyun. Ahlus Sunna kuwa suka ƙara tambaya: mumini ne, to mai biyayya ko mai saɓo? Hawarijawa da suka tsaya a rabon farko sun halatta jinin Musulmi a kansa.

Yau irin wannan bishiya ta shiga bankuna da asibitoci. Tun bayan littafin da Leo Breiman da abokan aikinsa uku suka wallafa a 1984, bishiyar yanke hukunci ta zama kayan aikin yau da kullum: albashin mai neman rance ya kai kaza? Ya taɓa kasa biya? Na'ura ce ke zaɓo tambayoyin da iyakokinsu daga bayanan da aka ba ta, amma mutum ne ya tattara bayanan, shi ne kuma ya ce ga zurfin da bishiyar za ta tsaya. Wanda aka hana rance saboda albashinsa ya gaza da naira ɗaya yana da hakkin ya tambayi ma'aikacin banki dalilin da ya sa ba a yi masa tambaya ta gaba ba.