Kuɗin Da Ke Hannunki, Na Wa Ne?

Akwai wata tambaya da ta taso daga rumfunan kasuwa ta shigo mana har tsakar gida, wato idan kuɗi suka shiga asusunki na banki, hukuma ta ce ki faɗi inda suka fito, ke kuma kika rasa takardar nunawa, shin kin zama mai laifi ke nan?

Da can wannan rigima ta manyan attajirai ce. A shekarar 2018 hukumar harajin tarayya, wadda ake kira FIRS a lokacin, ƙarƙashin Babatunde Fowler, ta sa bankuna suka ɗaure asusun 'yan kasuwar da ta ga maƙudan kuɗi suna shiga suna fita, amma ba ta ga harajinsu ba. Aka yi ta kuka, har a watan Fabrairu na 2019 ta ɗaga takunkumin na kwana 30. Abin da 'yan kasuwan suke faɗa bai wuce ɗaya ba, cewa kuɗin da ya ratsa asusu daban, riba daban.

To mu matan karkara me ya kawo mu ciki? Canjin kuɗi ne. Da Babban Banki ya sauya takardun 200 da 500 da 1,000, ya sa wa'adin ƙarshen Janairun 2023, sai da kowace ta tono abin da ta ɓoye a gwangwani da ƙasan kwanukan jere. Daga Dambatta zuwa Makoɗa, daga Bichi zuwa Kunci, matar da ba ta taɓa taka ƙofar banki ba ta koyi zuwa wajen mai POS. Kin ga asusun da muka sani da, na yumɓu ne, ba ya magana sai ranar da aka fasa shi. Na yanzu kuwa komai kika jefa masa sai ya rubuta. Ana nan kuma a watan Yuni na 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a sababbin dokokin haraji, suka fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026, sai jita-jita ta cika gari wai duk kuɗin da ya shiga asusu za a gutsura. Taiwo Oyedele, wanda ya jagoranci kwamitin gyaran harajin, ya sha bayani cewa ba haka ba ne, kyauta da rance ba kuɗin shiga ba ne, kuma dokar ta yafe naira 800,000 ta farko a abin da mutum ya samu a shekara.

Madalla da bayani. Amma mu ɗauki uwar adashi a wani ƙauye kusa da Dambatta, mai sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Mata 20 suna zuba mata naira 5,000 kowane mako, 100,000 ke nan, a shekara miliyan 5 da dubu 200 sun bi ta hannunta, alhali nata a ciki ɗan tukuici ne kawai. Ga ɗan maƙwabciyarta da ke ci-rani a Legas, yana turo wa uwarsa kuɗi ta asusun nan domin tsohuwar ba ta da nata. Ga ƙanwarta ta sayar da ragon da ta turke tun bayan damina, ta kawo ajiya. Wanda ya dubi takardar banki zai ce Hajiya ta yi arziki, ita kuwa wataƙila ribarta ta shekara ba ta kai abin da doka ta yafe ba. Da wuya a yau ma'aikacin haraji ya bi irin wannan baiwar Allah har gida, na yarda, amma ƙanenta mai awon hatsi da ke kai wake Dawanau da kuɗin mutane biyar, shi ba shi da wannan nisan.

Ni dai ban ga laifin hukuma ba don ta yi tambaya. Akwai mai shago uku da mota biyu da zai rantse miki bai samu ko sisi ba, yana fakewa da cewa duk kuɗin mutane ne, alhali malamin firamaren garinsu tun kafin albashi ya iso hannunsa an cire nasa. Wannan ba adalci ba ne, kuma mu daina kiransa wayo. Inda nake ja da hukuma shi ne idan tambaya ta rikiɗe ta zama hukunci, a tara duk abin da ya shiga asusu a ce riba ce, sai ki kawo hujjar cewa ba haka ba. Malamanmu sun koyar da mu cewa hujja tana wuyan mai da'awa ne. Iyayenmu ba su manta da harajin da aka riƙa yanka wa kowane magidanci ba, ko gero ya yi ko fari ya cinye, har Gwamna Abubakar Rimi ya soke shi tare da jangali a 1979. Muninsa shi ne ba ya duban abin da mutum ya samu. Ƙiyasin da aka gina a kan abin da ya ratsa asusu, jikan wancan ne.

Sai dai akwai wani gefen da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wanda maza ba su cika hangowa ba. Yawancin kuɗin da ke hannun mace kuɗin sirri ne. Wance tana tarin kayan ɗakin 'yarta, ba ta so maigida ya sani don kada ya janye hannu daga cefane. Wance kuma kishiya take ɓoye wa. Idan aka ce wa uwar adashi ta lissafo sunayen masu kuɗin, to an ce ta zaɓa ne tsakanin ta wanke kanta da ta rufa asirin waɗanda suka amince mata. Wallahi ba ƙaramin abu ba ne, domin a ƙauye magana ba ta kwana, abin da aka faɗa a zaure da hantsi kafin la'asar ya kai bakin rijiya.

Duk da haka ban yarda a ce rufin asiri yana nufin kada a rubuta komai ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, tun ba a san wani abu wai shi banki ba. Mu kuwa mun mayar da rubutu kamar zargi, da kin ɗauko biro sai a ce au, ba ki yarda da ni ba ne? Amma ki tuna, ba mai haraji kaɗai ke zuwa da tambaya ba. Ranar da uwar adashi ta faɗi ta mutu, magada za su ga miliyan a asusu su ce na uwarsu ne, mata ashirin kuma suna tsaye a tsakar gida ba mai takarda ko ɗaya, ga kunyar yin maganar kuɗi a gidan makoki. A nan wa aka rufa wa asiri?

Littafi ɗan ƙarami na 'yan makaranta ya isa, ko da ajami ne, kwanan wata da sunan mai kuɗi da adadi, a ajiye shi can ƙasan akwati inda maigida ba ya kai hannu. Idan da hali a raba asusun sana'a da na ajiyar mutane. Sannan idan takardar haraji ta zo wa ɗanki ko ƙanenki da adadin da bai yarda da shi ba, kada ya cusa ta a aljihu ya ce Allah ya isa. Doka ta ba shi kwana 30 ya rubuta ƙin amincewarsa, harajin mutum ɗaya mai sana'a kuma yana hannun hukumar tara kuɗin shiga ta Jihar Kano ne. Idan ba a daidaita a can ba, akwai kotun ɗaukaka ƙarar haraji ta shiyyar Arewa maso Yamma da ke zama a Kaduna, can ma abin da za su fara tambayarsa shi ne littafin.