Kora Ko Gyara?

Jama'a, ga tambaya: idan gidan karuwai ya kafu a tsakiyar unguwa, me ya kamata hukuma ta yi? Maƙwabta suna da gaskiya in sun koka, gama yaron da ke kwana cikin amon goge da hayaniyar 'yan caca da wuya ya tashi da ladabi.

A dā garuruwan Hausa da yawa suna da Magajiya, watau shugabar matan nan, ita ke raba rigimarsu, ta tsaya musu gaban masu mulki. A shekara ta 2000 Jihar Katsina da maƙwabtanta suka kama aiki da Shari'a, aka rufe gidajen, mata da yawa suka ƙetare zuwa Nijar. Cikin Nuwamba na shekarar, a Maradi ma aka far musu. Mutumin Babban Mutum, da yake a bakin iyaka yake, ya san ƙetarewa ba wuya. Ashe wuri aka sauya, hali yana nan.

Jarida kuwa, in an yi kame, hoton mace take bugawa. Ina namijin da ke kai kuɗin? Ina wanda ya sake ta ba dalili? In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sa'an nan wadda aka tona wa asiri, in ta tuba, wa zai aure ta?

Doka ta tsare unguwa, wannan daidai ne. Amma a koya wa matan sana'a, alƙalai su tsawata kan sakin banza, 'yan jarida kuma su bar wa mai tuba hanyar komawa gida.