Raunin Famfon Gida da Haƙƙin Rijiyar Maƙwabci

Da zarar bazara ta kama, daga Maris zuwa Mayu, kukan masu burtsatse a gida iri ɗaya ne a Kano da Zariya da Katsina: ruwa ya rage ƙarfi. Famfon da ke cika bokiti nan take ya koma tsiyaya, tankin da sumo ke cikawa cikin awa guda ya koma cin awa uku. Magana biyu aka fi ji a irin wannan hali. Maigida ya ce ikon Allah ne, bana ruwa ya yi nisa. Mai haƙa kuma ya ce a ƙara zurfi, a sa sumo mai ƙarfi. A ganina dukansu sun yi gaggawa, kuma gaggawar tasu ta taɓa addini, domin wanda ya bi diddigin raunin famfonsa da gaskiya, wani lokaci binciken zai fitar da shi daga gidansa ya tsayar da shi a bakin rijiyar maƙwabcinsa. A nan ne zancen gyara ke komawa zancen haƙƙi: ruwan da ke ƙarƙashin filin mutum, nasa ne ya ja yadda ya ga dama?

Sai mu fara da aikin mai gyaran famfo, don hujjar tana cikinsa. A yawancin gidajenmu sumo tanki yake cikawa, nauyin ruwan kuma shi ke saukar da shi zuwa famfo, shi ya sa tankin da aka ɗora a tsayin mita shida rabin ƙarfin mai mita goma sha biyu zai bayar, ko da sabo ne fil. Mai lura daga kusa yake farawa. In famfo ɗaya ne ya yi rauni sauran suna lafiya, matsalar tana bakinsa, yashi ko tsatsa sun toshe 'yar rariyar. In duk famfunan gidan ne alhali tanki cike yake, sai a bi bututun da ya sauko: ko makulli bai buɗe sosai ba, ko iska ta shiga, ko matata ta cika da laka, ko akwai yoyo a inda ido ba ya gani. In tankin ne ya daina cika da wuri, an koma kan sumo ke nan, ko wuta tana zuwa da rauni, ko yashi ya cinye fukafukan da ke cikinsa, ko bututun cikin ramin ya tsage ruwa na komawa inda ya fito. Duk waɗannan ciwon cikin gida ne, kuɗi da gwanin gyara ke maganinsu. Amma akwai wata alama da ta fita daban. Ruwa ya fito da ƙarfinsa, bayan 'yan mintuna ya fara tari yana fesar da iska, ya gurɓace, ya yanke. A kashe a bar ramin ya huta, a sake kunnawa ya dawo, ya kuma yanke. Injin lafiyarsa ƙalau. Zuƙe ramin yake yi fiye da yadda ƙasa ke mayar masa da ruwa.

To daga ina ƙasa ke mayarwa? Ramin burtsatse ba randa ba ce da aka cika aka rufe wa mai ita. Ruwan ƙasa kwance yake cikin yashi da ruɓaɓɓen dutse da tsagogin duwatsu, yana gangarawa sannu a hankali zuwa duk inda aka rage shi. Wani injiniyan Faransa, Henry Darcy, ya auna yadda ruwa ke ratsa yashi a birnin Dijon a 1856, sannan a 1935 Charles Theis na Amurka ya fitar da lissafin yadda ruwa ke ja baya a kewayen rijiyar da ake zuƙa, gwargwadon nisa da tsawon lokaci. Abin da lissafin ke nunawa mai sauƙin ganewa ne: idan sumo na aiki, saman ruwan ƙasa yakan lotsa kamar mazurari, ya fi zurfi a bakin ramin, yana faɗaɗa yana miƙewa kowane ɓangare. Mazurarin nan bai san katanga ba, bai san takardar fili ba. A unguwar da aka yanka filaye ƙafa hamsin-hamsin, kowane gida da raminsa, mazurarai suna shiga juna, kuma wanda ya fi zurfi da ƙarfin inji shi ke shan na saura. Abin ya fi tsanani a wuri irin Kano, inda garin ke zaune kan tsohon dutse mai tauri, ruwan kuma yana ɓoye ne a ruɓaɓɓen samansa da cikin tsagogi, ba shi da yalwa. Ko a Borno, inda ƙasar tafkin Chadi ke da hawa uku na ruwa, burtsatsen da a da suke feso ruwa da kansu ba tare da inji ba ƙarfinsu ya ragu bayan shekarun da aka yi ana ɗiba, wasu ma a buɗe aka bar su suna kwarara. Rijiyar guga ta talaka, wadda zurfinta bai kai na kowa ba, ita ke fara ƙafewa.

Mai cewa ikon Allah ne bai yi ƙarya ba. Alƙur'ani ya faɗa a Suratul Mu'minun cewa Allah ne ya saukar da ruwa bisa gwargwado, ya zaunar da shi cikin ƙasa, kuma yana da ikon tafiya da shi. Suratul Mulk ma da tambaya a kan ruwan da ya nutse ya yi nisa aka rufe ta. Matsalar tana wurin amfanin da ake yi da maganar. Mutumin da ya ce ƙaddara ce idan rijiyar maƙwabci ta ƙafe, shi ne zai kira mai gyara tun da asuba idan sumonsa ya ƙone, ba zai zauna yana jiran ƙaddara ta kunna masa ba. Ya yarda da sababi ke nan a inda sababin ke jawo masa amfani, ya ajiye shi a inda zai ɗora masa nauyi. Malaman tauhidi ba su taɓa koyar da cewa imani da ƙaddara yana ɗauke wa mutum alhakin abin da hannunsa ya aikata ba, in ba haka ba da ba a yi hukuncin diyya da ramuwa ba. Sannan kalmar gwargwado da ke cikin ayar ta cancanci a tsaya a kanta. Abin da aka ajiye bisa awo yana da iyaka, wanda ya ɗebi fiye da rabonsa kuwa daga rabon wani ya ɗiba. Ƙarancin ruwan sama na iya zama rabin dalili, to amma ruwa ba ya tsami banza: in damina ɗaya aka yi wa unguwa, rijiyar da ta shekara talatin ba ta ƙafe ba ta ƙafe wata biyu bayan an haƙa rami a bayan katangarta, ai akwai abin tambaya.

Akwai darasi a yadda kotunan Turawa suka taɓa kallon wannan lamari. A Ingila a 1843, ramin haƙar kwal ya janye ruwan rijiyar wani mai masana'anta, kotu ta ce ba shi da haƙƙin diyya, kowa na da ikon haƙa filinsa ya ɗauki abin da ya samu. A 1904 kotun ƙoli ta jihar Texas ta bi wannan sawu, lokacin da babbar rijiyar wani kamfanin jirgin ƙasa ta busar da rijiyar wani magidanci a garin Denison. Hujjar da alƙalan suka jingina da ita ita ce abin lura: tafiyar ruwa a ƙarƙashin ƙasa ɓoyayyiya ce, ba a san hanyarta ba, don haka ba za a iya kafa mata doka ba. Jahilci ne ya zama uzuri, kuma a zamaninsu uzurin yana da ɗan ƙarfi. Abin da ya haifar dai shi ne mai babban inji ya zama mai gaskiya. An ga ƙarshen wannan hanya a fārin da ya auka wa Kalifoniya daga 2012 zuwa 2016, inda ɗaruruwan gidaje a East Porterville suka wayi gari famfunansu a bushe, manyan gonaki kuwa na ta ƙara zurfi, har jihar ta kafa dokar kula da ruwan ƙasa a 2014. Mu da muka zo bayan Darcy da Theis ba mu da wancan uzurin. A shari'a sani yana ƙara nauyi. Wanda aka nuna masa inda ruwansa ke fitowa hukuncinsa ya bambanta da na kakansa da bai sani ba.

Za a ce, to fiƙihu fa? Ai duk ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san an ce wanda ke da rijiya ko idon ruwa a cikin filinsa yana da ikon hana wasu. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da mai burtsatse zai kawo, kuma akwai malamai, musamman a Shafi'iyya, da suka bar wa mutum ya haƙa cikin mallakarsa ko da ruwan maƙwabci zai ragu. Sai dai a duba abin da mas'alar Risala take magana a kai. Magana take a kan ruwan da ya riga ya taru a rijiyarka, wa zai ɗiba, wa za ka hana. Ba ta ba ka izinin janyo ruwan da ke rijiyar wani zuwa taka ba. Ko a wurin ma an yi togiya: in rijiyar maƙwabci ta rushe, yana da shukar da ake tsoron ta mutu, ba za ka hana shi ragowar ruwanka ba. Idan an ɗora maka wannan a kan rijiyar da ta rushe ba da hannunka ba, ina ga wadda injinka ya ƙafar? Sannan akwai babin harimin rijiya, wato kewayen da ba a yarda wani ya yi abin da zai cutar da ita ba. Wasu mazhabobi sun ƙayyade shi da kamu, Imam Malik kuwa bai yanka masa awo ba, ya bar shi ga duk abin da zai cutar da ruwanta. Wannan ra'ayi ya yi daidai da abin da ilimin ruwan ƙasa ya tabbatar daga baya, domin faɗin mazurari yana sauyawa da irin ƙasa da ƙarfin zuƙa, kamu arba'in na zamanin guga da raƙumi ba zai tsare kowa daga sumo ba. Bisa ƙa'idar hana cuta da cutarwa, wadda hadisinta ke cikin Muwaɗɗa, da hadisin tarayyar mutane a ruwa da ciyawa da wuta, abin da mai burtsatse ya mallaka shi ne ramin da injin da ruwan da ya hau tankinsa. Wanda ke kwance a ƙasa na unguwa ne.

Uzuri na gaba ya fi taɓa zuciya, kuma dole a ba shi haƙƙinsa. Ba don sha'awa mutane ke kashe miliyoyi a haƙa ba. Famfon gwamnati ne ya daina zuwa unguwanni da yawa, wasu ma ba a taɓa kai musu bututu ba. Magidancin da ya haƙa don iyalinsa su sha su yi alwala lalura ce ta sa shi, kuma da yawansu sun fitar da famfo waje jama'a na ɗiba kyauta, suna koyi da Sayyidina Usman da ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa Musulmi. Ba wanda zai ce waɗannan su toshe ramukansu. Amma malaman usulu da suka ce lalura na halatta abin da aka hana, su ne suka ce ana auna ta da gwargwadonta. Shan iyali lalura ne. Tankin da ke ambaliya tun hantsi saboda an ƙi sayen ɗan makunnin da ke kashe sumo idan ya cika, wannan sakaci ne. Tsakar gidan da aka shafe da siminti kaf, ruwan damina ya rasa inda zai nutse sai kwata, shi ma zaɓi ne, kuma mai shi yana ɗiba daga asusun da ya daina zuba wa komai. Wanda ke zuƙa dare da rana don sayar wa tankoki ko ɗura ruwan leda a tsakiyar gidajen mutane ya bar babin lalura ya shiga na kasuwanci, ribarsa kuma tana fitowa ne daga aljihun matar da rijiyarta ta ƙafe ta koma sayen jarka wurin 'yan garuwa. Har famfon sadakar ma yana buƙatar a sake kallonsa: in raminka ne ya busar da rijiyoyin layin, ruwan da kake ba su ya fi kama da biyan bashi, kuma bashi ba a yin gori da shi, ba a kuma rufe shi ranar da aka yi fushi.

Saura mai cewa ba za a iya tabbatarwa ba, tunda ramuka sun yi yawa, kuma a ƙasar dutse rami biyu na iya zama kusa da juna alhali tsagoginsu ba su haɗu ba. Haka ne, shi ya sa bai halatta a tuhumi kowa da zato ba. Sai dai abin yana gwaduwa, kuma alƙalan Musulunci sun saba komawa ga masana sana'a a irin wannan rigima, kamar yadda ake kiran magina su duba katangar da ake jayayya a kanta. Gwajin farko ma ba ya buƙatar injiniya. A zura igiya mai ɗan nauyi a rijiyar maƙwabci da sassafe kafin kowa ya kunna inji, a ƙulla alama a inda ta taɓa ruwa. A kunna sumo ya yi awa biyu ko uku ba tare da an ja guga ba, a sake zurawa. A maimaita kwana uku. In ruwan bai motsa ba, mai burtsatse ya kuɓuta, sai ya koma neman matsalarsa a bututu da inji. In kuwa kullum igiyar sai ta ƙara tsawo, to shawarar ƙara zurfi ba ta maigida da mai haƙa ba ce su kaɗai, dole mai rijiyar ya zauna a wurin, a yi maganar awannin kunnawa, da girman sumon da za a sa, da inda bututu zai ratsa katanga ya shiga gidansa.