Wanda Ba Ya Nan Ranar Ciniki

Ko ka taɓa shiga sabon gida a Garwa kafin a yi masa filasta? In ka bi ta Jambutu ko wata unguwa inda ake gini, ka leƙa. Za ka ga an tsattsaga bulo da guduma, an kwantar da bututun roba a cikin tsagar, daga inda makunni zai zauna zuwa sama, daga wannan akwatin soket zuwa wancan. Kwana kaɗan ne ido zai ga wannan aiki. Magini zai zo da simintin Figil ya shafe, mai fenti ya biyo baya, shi ke nan. Gidan zai yi shekara 30 ko 40 ba wanda ya sake ganin abin da ke cikin bangonsa.

Ga tambayar da nake so mu yi tunani a kai yau. In mai gida da mai aikin wuta suka zauna, suka yarda a rage kaya domin kuɗi ya ragu, ba wanda ya ruɗi wani, ba wanda ya yi ƙarya, akwai laifi a ciki?

Da yawa za su ce babu. Gidansa ne, kuɗinsa ne. Ni ma na daɗe ina ganin haka. Amma bari mu duba abin da akan rage.

Na farko, waya. Ka'idar da masu aikin wuta suke koya ita ce, waya mai kaurin milimita murabba'i 1.5 ta fitila ce, mai 2.5 kuwa ta soket. Mai son rangwame yakan ja siririyar ko'ina, ko ya sayi wadda cikinta alminiyom ne aka shafa mata jan ƙarfe a bisa. Ranar da aka gwada, fitila za ta kama, fanka za ta juya, kowa ya yi murna. Sai watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa yakan wuce digiri 40. Ma'aunin ƙarfin waya an yi shi ne bisa zafin digiri 30. In ya kai 40, abin da waya mai rigar roba take iya ɗauka lafiya yakan ragu da kusan kashi 13 cikin 100. Daidai wannan lokaci ne kuma ruwan dam na Lagdo, wanda ke ba arewacin Kamaru wuta, yakan ja baya. A ɗauke wuta, a dawo da ita, firji da fanka da dutsen guga duk su tashi tare. Siririyar waya ta yi zafi a cikin bango, rigarta ta bushe a hankali, ba mai gani, ba mai jin ƙauri sai dare ɗaya.

Akwai kuma hanyar da bututu ke bi. Mai aikin kirki yana tafiyar da shi a miƙe, ko a tsaye ko a kwance. Yanke ta tsakiyar bango a karkace ya fi sauri, ya kuma rage bututu kamu biyu ko uku. Me ya sa aka hana? Domin wata rana wani zai ɗauki ƙusa zai rataye hoto ko labule. In ya ga soket, ya san waya tana sama da shi ko a gefensa, sai ya kauce. In an karkata, ba yadda zai sani. Ka lura, wannan ka'ida ba ta amfani mai gida da kome ranar gini. An yi ta ne domin mutumin da ba a san sunansa ba tukuna.

Haka nan wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya. Ita ce ake fara cirewa daga lissafi, gama ba ta kunna kome. Tana iya yin shekara 20 a kwance ba ta yi aiki ba, sai ranar da jikin firji ya ɗauki wuta, yarinya kuma ta taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu, ba takalmi a ƙafarta.

To, yarinyar nan tana nan ranar ciniki? Ɗan hayar da zai shigo bayan shekara 10 fa, ko maƙwabcin da rufinsa ke jingine da naka? Mutum biyu suna iya yafe wa juna abin da yake nasu. Ran wani kuwa ba nasu ba ne da za su sa shi cikin rangwame. Mu da muke shaida cewa Allah yana ganin abin da ke ɓoye, ya kamata wannan magana ta fi damunmu.

Kada mu ɗora wa mai aikin wuta kaya duka. Sau da yawa mai gida ne yake matsa shi, ya ce wane ya yi tayin rabin wannan kuɗi. Shi kuwa yana da iyali, ya san in ya ƙi, wani zai karɓa. Wannan gwaji ne na gaske, ban raina shi ba. Duk da haka shi ne ya san abin da siririyar waya take yi, mai gida zato kawai yake. Wanda ya sani, nauyinsa ya fi. Ko ba kome, ya buɗe baki ya faɗa sarai, ko da aikin zai kuɓuce masa.

Na kuma san yawancinmu da kaɗan kaɗan muke gini, bana bulo, baɗi kwano. Talauci ba zunubi ba ne. In kuɗin bai kai ba, akwai ragi mai tsabta. Bututu ya fi waya araha nesa. A sa shi ko'ina, mai faɗi yadda waya ba za ta cika fiye da kashi ɗaya cikin uku na cikinsa ba, a bar na wasu ɗakuna wofi. A ja waya mai kyau a ɗaki biyu bana, sauran su jira. Haɗin waya kuma a yi shi cikin akwati mai murfi, kada a binne shi a tsakiyar bututu.

In ginin naka ya kai nan, kada ka bar magini ya kwaɓa siminti tukuna. Ka zaga ɗaki ɗaki tare da mai aikin wuta, ka tambaye shi inda kowane bututu ya nufa. Ka ɗauki hoton kowane bango da wayarka, a wanke maka su, ka ajiye tare da takardun fili, domin wanda zai gaji gidan ya same su.