Wanda ya ajiye kwalba: me zai gode, me za mu jira?



A nan Kudu giya a fili take. Ogogoro da giyar leda ana sayar da su a bakin tasha kamar ruwan sha, kuma cikin 'ya'yanmu da ƙannenmu akwai waɗanda suka faɗa. Wasu Allah ya taimake su sun daina. To, me ya kamata mu sa rai daga nan?

Sau da yawa mutum ya yi wata 2 bai sha ba, sai ya fara jiran ubangidansa ya sake ba shi kaya bashi, matarsa ta dawo daga yaji, 'yan kasuwa su damƙa masa ajiya. Da ya ga shiru sai ya ce, to ina amfanin wahalar? Nan kwalba ke sake kiransa. Amanar da aka yi shekaru ana rushewa ba ta ginuwa a wata 2, bashin da ya ci ma yana nan sai ya biya.

Abin godiyarsa na kusa da shi. Ya tashi asuba da hankalinsa, cinikin jiya na aljihunsa, yaransa ba su ɓuya ba da suka ji sallamarsa. Wanda ya raina waɗannan ba zai iya jiran sauran ba.

Mu ma mu rage gaggawa. Haramcin giya kansa daki-daki ya sauka: Baƙara aya ta 219, sai Nisa'i 43, sannan Ma'ida 90. A cikin Sahihul Bukhari akwai sahabin da aka sha kawowa saboda shan giya, wani ya tsine masa, Annabi (SAW) ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Giya haramun ce, babu sassauci. Amma wanda ya zame bayan ya daina, hannu za mu miƙa masa, kada mu mai da shi abin hira a majalisa.

Sannan wanda ya daɗe yana sha sosai, dainawa farat ɗaya kan jawo karkarwa, har jijjiga, a kwanakin farko. A kai shi ga likita. Asibitin Aro a Abeokuta da na Yaba a Legas suna wannan aikin. A haɗa magani da addu'a.

Allah ya shirye mu baki ɗaya. Juma'a mai albarka.