Talauci Ne Ko Sakaci? Tambayar Da Kwamfuta Ba Ta Iya Amsawa

Mai karatu, ka tuna fim ɗin Minority Report na Steven Spielberg, wanda ya fito a 2002? A cikinsa 'yan sanda kan cafke mutum tun bai yi kisa ba, don wai an hango zai yi. Muka kalla muka ce almara ce. To, ashe da sauran magana.

A 2016, hukumar kula da yara ta gundumar Allegheny a jihar Pennsylvania ta Amurka ta fara aiki da wata manhajar kwamfuta. Da an kai ƙarar wani gida kan sakaci ko cin zalin yaro, sai manhajar ta tattaro bayanan iyalin, ta ba da maki daga 1 zuwa 20. Makin hasashe ne na yiwuwar a raba yaron da gidansu cikin shekara biyu, kuma ma'aikata kan duba shi kafin su tura mai bincike.

Niyyar mai kyau ce, domin ɗan Adam ma yana gajiya, yana son kai, yaro kuma na iya halaka ana cikin jan ƙafa. Amma daga ina bayanan suke fitowa? Daga ofisoshin gwamnati: tallafi, kotu, gidan yari. Talaka ne ke yawan bin layin nan. Mai kuɗi kan kashe matsalarsa a ɓoye, ba ya barin sawu. Abin da Virginia Eubanks ta nuna ke nan a littafinta na 2018. Jihar Oregon ma ta ajiye irin wannan manhaja a 2022.

Yanzu ɗauko ta ka kawo Katsina. Ga uwa, 'yan bindiga sun koro ta daga Batsari, ta ɗora wa 'yarta tallan awara a Ƙofar Ƙaura. Ba makaranta, ba katin asibiti. Maki nawa kake jin za ta samu? Alhali maƙwabta sun san da yunwa take kwana don yarinyar ta ci.

Ni dai ra'ayina, in hasashe ya nuna gida, a fara aika buhun masara da kuɗin makaranta kafin sammaci. Hukuncin raba ɗa da uwa kuwa, mutum ya yanke shi, wanda ya shiga gidan, ya sa hannu da sunansa. In ya yi zalunci, a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa, gobe kiyama kuma ya amsa. Kwamfuta fa, wa zai tuhume ta?